Yadda ake tara kalmomin Larabci ta hanyar rubutu, asali da wazani

Assalamu alaikum. Wannan bayanin na yi shi ne saboda wanda ya iya haɗa baƙi, yana karanta Alƙur'ani sarai, ƙila ma ya sauke, amma in ka miƙa masa takardar Larabci mai layi uku sai ya karanta ta tas bai san me ta ce ba. Irinsu suna da yawa a ƙauyukanmu na nan ƙasar Ringim har zuwa su Gumel da Wudil, magidanta ne da samari da matan aure ƴan islamiyya, kuma kusan duk hanya ɗaya suke bi, wato haddar jeri: kitabun littafi, babun ƙofa, baitun ɗaki, kafin wata ya zagayo duk sun zube. Ba ƙwaƙwalwa ce babu ba, hanyar ce mai wahala. Yawancin kalmomin Larabci baƙi uku ne kacal a ƙarƙashinsu, su ake ce wa asali, sai a zuba su a awo daban-daban wanda malamai suke ce wa wazani. Kamar ƙullun shinkafa ne, in ka zuba a tanda ya zama waina, in ka shimfiɗa a kasko ya zama sinasir, ƙullun dai ɗaya ne. To asali shi ke ba ka ainihin ma'ana, wazani kuma shi ke gaya maka ko mai yi ne ko abin da aka yi ko wajen yi ko abin yi.

Kayan aiki

Littafin rubutu guda biyu, ɗaya mai kauri na asali, ɗaya na shifta. Biro kala biyu, ja da baƙi ko shuɗi, wannan ba ado ba ne zaka ga amfaninsa. Kwalin sukari ko na sabulu da zaka yayyanka ƙanana kamar faɗin katin zaɓe, da leda uku ko gwangwanin madara uku na ajiye su. Alƙur'ani, in da hali bugun Hafsu da na Warshu duka. Sai ƙamus, ɗan ƙarami ma ya isa da farko, ana samu wajen masu littattafai a kasuwar Kurmi a Kano, ko ka ba mai zuwa birni saƙo. In babu kuɗin ƙamus amma akwai babbar waya, ka sauke ƙamus irin wanda yake buɗewa ba data, ka kuma sa kibod ɗin Larabci a wayar. In wayar ma babu to allonka da tawada sun isa na shifta, kalmar da ta gagara kuma ka tara su ka kai wa malamin zaure ranar da babu cunkoso. Abu na ƙarshe shi ne abokin karatu, mutum ɗaya da zai riƙa karanta maka kana rubutawa, ko matarka ce ko ƙaninka.

1. Fara da gyara baƙaƙen da bakinmu yake haɗewa

Kar ka tsallake wannan don kana ganin ka wuce babbaƙu. Asali baƙi uku ne, in ka kuskure ɗaya ka faɗa wani gidan daban. Mu Hausawa akwai baƙaƙen da muke furtawa iri ɗaya alhali a Larabci kowanne da zamansa. Ka buɗe shafin farko na littafin shifta ka jera su gungu-gungu:

س da ص da ث : saif سيف takobi ne, صيف bazara ce. سورة ta Alƙur'ani, صورة hoto. نصر taimako, نسر mikiya, نثر zube.
ز da ذ da ظ da ض : زلّ ya zame, ذلّ ya ƙasƙanta, ظلّ ya wuni, ضلّ ya ɓata.
ه da ح da خ : هرب ya gudu, حرب yaƙi, خرب ya rushe.
ء da ع : أمل buri, عمل aiki. سؤال tambaya, سعال tari.
ك da ق : كلب kare, قلب zuciya.
ت da ط : تين ɓaure, طين laka.

Abokinka ya karanta ka rubuta ba tare da kallo ba, sannan ku juya. In shi ma bakinsa bai rarrabe su ba, ya faɗi kalmar ya haɗa da ma'anarta, kai kuma ka zaɓi baƙin da ya dace. Minti goma a rana ya isa.

Ga wani tarko na musamman ga ɗan tsangaya. A rubutun allo da Alƙur'anin Warshu, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun littattafai da ƙamus da waya, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ɗigo biyu. Kaga kenan abin da ka saba karantawa ƙaf a allo, a ƙamus fa ne. Sannan rubutun Mus'hafi ba koyaushe yake daidai da rubutun yau da kullum ba, salla da zakka a Mus'hafi da wawu ake rubuta su, الصلوة da الزكوة, amma a littafi الصلاة da الزكاة zaka gani, kuma alif da yawa a Mus'hafi ɗan ƙarami ne a sama, a littafi kuwa a tsaye yake cikakke. Littafinka na kalmomi da rubutun littafi zaka yi shi.

2. Dogon wasali da shadda

A boko muna rubuta gari na mutane da gari na tuwo iri ɗaya, mai karatu ne yake ganewa, wannan sabon shi ke sa mu sakaci da ja, wato dogon wasali, a Larabci. To a can ja baƙi ne da kansa, kuma sau da yawa shi ne wazanin gaba ɗaya. جمل raƙumi, جمال kyau. بريد gidan waya ko saƙo, بارد mai sanyi. مطر ruwan sama, مطار filin jirgi. كتب ya rubuta, كاتب marubuci. Haka shadda, darasa ya yi karatu, darrasa ya karantar. Duk kalmar da zaka shigar littafinka ka sa mata wasalinta cikakke, bisa da ƙasa da rufu'a da ɗauri da shadda, ko da inda ka samo ta babu. Ka kula da ة ta ƙarshen kalma, ɗigonta biyu kar ka bar su, kuma ba ta shiga lissafin asali. Haka على da علي, ɗigo biyu ne tsakanin "a kan" da sunan mutum.

3. Kwaso abin da ke bakinka tun tuni

Nan ne Bahaushe ya fi mai koyo daga wata ƙasar sa'a, don kalmomin Larabci cike suke a Hausa, sai dai sun sa rigar gida. Aikinka shi ne ka mayar da kowacce rubutunta na asali. Ka san yadda suka canza: "al" takan manne ko ta koma "l" kawai, littafi الكتاب, labari الخبر, lokaci الوقت, lissafi الحساب, allo اللوح, almakashi المقص. Lodi kuwa, wato ض, "l" ya zama a bakinmu, alwala الوضوء, alƙali القاضي, larura ضرورة, farilla فريضة, har sunaye irin su Rilwanu da Murtala. Wanda ya je neman larura a babin lam na ƙamus zai kwana bai gan ta ba. ث wani lokaci "s" kamar hadisi da misali, wani lokaci "t" kamar Talata da tamanin. Umaru da ع ne, umarni kuwa daga أمر yake da hamza. Zakka da ز, zikiri da zunubi da ذ, zalunci da azahar da ظ.

Yanzu ɗauki babban littafin, kowane asali shafinsa guda. A saman shafi ka rubuta baƙaƙen uku a rarrabe da jan biro, misali ح ك م, a ƙasa ka jero duk abin da ka sani: hukunci, hukuma, hikima, hakimi. Wani shafin ج م ع : jama'a, Juma'a, jami'a, jam'iyya, jam'i. Wani ح م د : Muhammadu, Ahmadu, Mahmudu, Hamidu. أ م ن : amana, imani, mumini, Aminu. س ل م : sallama, salama, Musulmi, Salimu. ص د ق : sadaka, sadaki, Sadiƙu, Siddiƙu. A kowace kalma baƙaƙen asali da ja, sauran da baƙin biro. In biro ɗaya gare ka ka ja layi a ƙarƙashin na asalin. Bayan shafi goma idonka da kansa zai fara tsinto jajayen tun kafin ka rubuta.

Sai dai a yi hattara, wasu sun canza ma'ana da suka shigo. Attajiri a wajenmu mai kuɗi ne, تاجر a Larabci ɗan kasuwa ne ko da tiren goro yake yawo da shi. Almajiri daga المهاجر yake, mai hijira. Sababi a Hausa rigima ce, سبب kuwa dalili ne kawai. Irin waɗannan ka sa musu alama a gefe.

4. Koyi tuɓe kalma

Kalma a cikin littafi ba ta zuwa tsirara. Ana tuɓe ta ne daga waje zuwa ciki. Da farko cire na gaba: و , ف , ب , ل , ك , ال , da س ta "za a". Sai na baya: ه , ها , هم , كم , نا , ة , ون , ين , ات , ان. In fi'ili ne, wato kalmar aikatau, mai ci yanzu cire baƙin farkonsa, ɗaya daga أ ن ي ت. Abin da ya rage ka duba ko da ƙarin baƙi a ciki. Malaman sarfu sun tara baƙaƙen ƙari guda 10 a kalma ɗaya don sauƙin hadda, سألتمونيها, ban da ninka baƙi da shadda. Duk baƙin da ba ya cikin goman nan, irin su ب da ج da ق da ع, in ka gan shi a tsakiyar kalma to galibi na asali ne.

Gwada da والمسلمون : cire wawu, cire al, cire una, saura مسلم, cire mim, س ل م. Gwada da بمدرستهم : cire bi, cire hum, cire ت, cire mim, د ر س, darasi kenan.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne da ya koyi wannan sai ya hau sare duk mim da duk sin da ya gani. Mim ɗin ملك da مرض da مطر na asali ne, sin ɗin سلام ma haka, wawun ولد da وقت ba "da" ba ne. Ma'aunin shi ne, in ka cire baƙi saura biyu to ka yi ɓarna, mayar da shi. Kuma baƙi yana zama ƙari ne in ya faɗi a cikin sauran dangin kalmar, mim ɗin maktab ba ya cikin kataba da kitab, shi ya sa muka san baƙo ne. Ƙananan kalmomi irin su في da من da على da هذا ba a neman asalinsu, haddace su ake yi. Sunaye irin Ibrahim da Isma'il da kalmomin zamani da aka aro irin تلفون su ma a bar su yadda suke.

5. Awon sunaye

Ma'aunin da ake awo da shi shi ne ف ع ل. Baƙin farko na asali ana ce masa fa, na biyu ain, na uku lam, ƙarin kuma a bar shi a inda yake. Katib ya zama fa'il, maktub ya zama maf'ul. Iyakar ƙa'idar da kake buƙata kenan a yanzu. Ka ware shafukan ƙarshen littafin, kowane wazani shafinsa, ka riƙa zuba misalai.

Fara da biyun nan don sun fi yawa: فاعِل mai yi, مفعول wanda aka yi wa. Katib da maktub, zalim da mazlum, Nasir da Mansur, Hamid da Mahmud, alim da ma'alum.

Sai masu mim a gaba, kuma a nan Hausa ta riga ta yi maka rabin aiki. Mu ma ai muna cewa karanta makaranta, ƙera maƙera, dafa madafa, sannan buɗe mabuɗi, girbe magirbi, tsefe matsefi. Larabci ya raba su da wasali. "Ma" waje ne ko lokaci: maktab ofis, matbakh مطبخ madafa, masjid wajen sujada, majlis wajen zama, maghrib lokacin faɗuwar rana, madrasa, mazra'a مزرعة gona, maƙbara. "Mi" kayan aiki ne: miftah مفتاح mabuɗi, minjal منجل lauje, mihrath محراث garma, miknasa مكنسة tsintsiya, mil'aƙa ملعقة cokali, misbah مصباح fitila. Ka zagaya gidanku da biro, rabin kayan da ke ciki a wannan awon suke.

فعّال mai shadda na masu sana'a ne da mai yawan yi: haddad حدّاد maƙeri, jazzar جزّار mahauci, khayyat خيّاط tela, najjar نجّار kafinta, fallah فلّاح manomi, kazzab كذّاب maƙaryaci. Sana'ar kanta kuma فِعالة : tijara, zira'a, khiyata, kitaba. Injinan zamani da yawa فعّالة aka ba su, sayyara mota, darraja keke, thallaja firji. فعيل siffa ce mai zama a jiki, karim, kabir, saghir, jamil. أفعل fifiko ne, akbar, ahsan, a'alam, kuma shi ne na launi, ahmar ja, aswad baƙi, abyad fari. Har ciwo yana da nasa, فُعال : su'al tari, zukam mura, suda' ciwon kai. Kar ka kwashe su duka rana ɗaya, wazani ɗaya a sati da misali goma da ka samo da kanka ya fi shafi cike da ka kwafa.

6. Awon fi'ili

Wannan ne wajen da ya fi riba, ka zauna a kansa ko da zai ci maka rani guda. Fi'ili mai baƙi uku ana yi masa ƙari ma'ana ta juya, kuma juyin kusan irin namu ne.

أفعل kamar "-ar" ɗinmu ne: kharaja ya fita, akhraja ya fitar. Dakhala ya shiga, adkhala ya shigar. Nazala ya sauka, anzala ya saukar. Masdarinsa, wato sunan aikin, if'al, mai yi muf'il: islam muslim, ihsan muhsin, ikram mukrim.
فعّل wani lokaci sa wani ne, alima ya sani, allama ya sanar wato ya koyar, wani lokaci kuma yawaitawa ne irin namu na kakkarya da yayyanka: kasara kassara, ƙata'a ƙatta'a. Masdarinsa taf'il, kuma ka riga ka san su da yawa, tafsiri, tajwidi, tasbihi, takbir, ta'alim. Mai yi mufa''il: mu'allim, mudarris, mufassir.
فاعل yi da wani: sabaƙa ya wuce, saabaƙa ya yi tsere da wani, daga nan musabaƙa ta fito. Mu'amala, mushawara, musharaka duk nan ne.
تفعّل abin ya dawo kan mai yi: allama ya koyar, ta'allama ya koya. Tawakkali daga nan yake.
تفاعل juna: ta'awanu sun taimaki juna.
انفعل kamar buɗu da karye: fataha ya buɗe abu, infataha ya buɗu, inkasara ya karye.
افتعل a nan ت tana shiga bayan baƙin farko: jama'a ya tara, ijtama'a ya taru. Ijtihadi, i'itikafi, imtihan, ihtiram.
استفعل galibi nema ne: ghafara ya gafarta, istaghfara ya nemi gafara. Istihara neman zaɓin alheri, istisƙa roƙon ruwa da muke fita yi in damina ta yi tsaiko, mustashfa asibiti wato inda ake neman waraka.

Duk waɗannan masu ƙarin, mai yi da wanda aka yi wa da "mu" suke farawa, wasali ɗaya ne ya raba su, na baƙin kusa da ƙarshe. Ƙasa mai yi, bisa wanda aka yi wa: mursil mai aikowa, mursal wanda aka aiko. To kaga mim uku kenan, ma da mi da mu, in ka riƙe su ba ƙaramin abu ka riƙe ba.

Gargaɗi biyu. Na ɗaya, ma'anonin nan galibi ne ba dole ba, saafara yana awon faa'ala amma tafiya kawai yake nufi, ba da kowa ba. Na biyu, ba kowane asali ne yake shiga kowane awo ba, kar ka zauna kana ƙera kalmomi, ba a cewa in'alama don kawai akwai infataha. Wazani na gane abin da ka tarar ne, in zaka faɗi sabuwa sai ƙamus ya shaida. Kuma wasu asalan suna ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya da ba su haɗa hanya ba, ذهب ya tafi, ذهب kuma zinare, kar ka wahalar da kanka wajen ɗaura musu aure.

7. In ka tuɓe ka ga baƙi biyu, ko alif a tsakiya

Nan ne mutane suke karaya, alhali dabarar kaɗan ce. Alif ba ya zama baƙin asali, in ka gan shi a gurbin asali to wawu ne ko ya suka rikiɗa. Ka juya fi'ilin zuwa mai ci yanzu ko masdari zai tona kansa: ƙala yaƙulu ƙaul, ق و ل. Ba'a yabi'u bai', ب ي ع. Nama yanamu bai nuna ba, amma naum barci ya nuna, ن و م. In a ƙarshe yake ka liƙa masa "tu": da'a da'autu د ع و, rama ramaitu ر م ي. In baƙi biyu ne da shadda to na biyun ninki ne, مدّ asalinsa م د د, حجّ kuma ح ج ج. In biyu ne babu shadda ka zargi wawu a farko, ya'idu daga wa'ada, sifa صفة daga و ص ف, hiba هبة daga و ه ب, sila صلة daga و ص ل. Mizani ma daga و ز ن yake, wawun ne ya koma ya. ت mai shadda bayan alif, irin ittafaƙa da ittasala da ittaƙa, nan ma galibi wawu ne ya narke, و ف ق da و ص ل da و ق ي. Sannan ta ɗin ifta'ala takan koma ط bayan sodi, اصطبر daga haƙuri ص ب ر, takan koma د bayan ز, ازدحم daga ز ح م. Dawo kan مطار na ɗazu, yanzu zaka gane mim ɗinsa ƙari ne, daga ط ي ر tashi sama, ba ruwansa da ruwan sama.

Akwai kuma masu baƙi huɗu na asali, tarjama, zalzala, waswasa, ba su da yawa, in ka tuɓe ka ga huɗu babu na cirewa ka bar su haka.

8. Buɗe ƙamus

Yawancin ƙamus na Larabci da asali ake nemansa ba da kalmar yadda ta zo ba, istighfar ba ta babin alif, tana غ ف ر. Irin su Mu'ujamul Wasiɗ na majalisar harshen Larabci ta Alƙahira, wanda ya fara fitowa a 1960, da Munjid, da baƙin farko na asali suke tafiya. Amma in tsohon littafin gida ka gada irin Ƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi, shi da baƙin ƙarshe yake farawa, kataba tana babin ba, fasalin kaf. Ka rubuta jerin alif ba ta na bugun littafi a bangon littafinka don ya bambanta da jerin Magaribi da wasu suka taso da shi. A waya kuwa irin shafin Almaany ko ka zuba kalmar yadda take zai kawo, sai dai ni shawarata ka fara cankar asalin da kanka ka rubuta, sannan ka duba, in ba haka ba wayar ce zata iya ba kai ba.

Abu uku wazani ba zai ba ka ba, sai ka kwafo daga ƙamus ka haddace. Wasalin tsakiya na fi'ili mai uku: nasara yansuru, daraba yadribu, fataha yaftahu, alima ya'alamu. Masdarin mai uku, don shi ba shi da tsayayyar ƙa'ida: kitaba, dukhul, ilm, zahab. Sai jam'i, kitab kutub, ƙalam aƙlam, rajul rijal, ƙalb ƙulub, alim ulama. Ai mu ma haka muke, gida gidaje, raƙumi raƙuma, ba mai tambayar dalili. Suna ba ya shiga littafinka sai da jam'insa, fi'ili ba ya shiga sai da ƴan rakiyarsa biyu, wato mai ci yanzu da masdari, da harafin da yake tafiya da shi in akwai, don raghiba fi so ne, raghiba an ƙi ne.

9. Kati da bita

A fuskar kati ka rubuta kalma ɗaya da wasalinta, a baya asali da wazani da ma'ana da gajeriyar jimla. Jimlar ta zama ta rayuwarka, gona, kasuwa, rijiya, awaki, ba wadda ka kwafa ba. Sabon kati yana leda ta ɗaya ana dubawa kullum, wanda ka ci sau uku a jere ya koma ta biyu ana dubawa ranar Alhamis da Juma'a da babu makaranta, wanda ya zauna ya koma ta uku sai ƙarshen wata. Wanda ka faɗi ko daga ina yake ya dawo ta ɗaya. Asali uku a sati ya isa da rani, da damina kuwa ɗaya ma ba laifi, ka zuba kati biyar a aljihu cikin leda saboda gumi da ruwa, lokacin da aka zauna shan fura a gindin bishiya ka duba. Kar ka cika shafi da duk abin da ƙamus ya jero a ƙarƙashin asali, kalma biyar zuwa takwas da ake amfani da su sun isa, ka bar fili a ƙasa don wasu za su zo da kansu.

10. Kai shi cikin karatu

Fara da abin da ka haddace, Fatiha ma ta isa aikin sati biyu. المغضوب : cire al, awon maf'ul, غ ض ب fushi. المستقيم : awon mustaf'il, ya ɗin nan wawu ce, ق و م, sai ka buɗe mata shafi ka ga dangi, ƙama ya tsaya, iƙama, alƙiyama, ƙiyamul laili, maƙami, istiƙama. نستعين : nun ta "mu" ce, sin da ta na nema, ع و ن taimako, ɗan uwan ta'awun. Kalmar Maliki da Warshu yake karantawa ba ja da Maaliki na Hafsu duk م ل ك ne, gidan mulki da mallaka. Daga nan ka shiga azkar na safe da yamma, sai littafin da kake ɗauka a zaure, kafin ka je gaban malam ka tsinci kalma biyar a darasin gobe ka tuɓe su ka canki ma'ana, in ya zo fassara ka ji inda ka dace da inda ka kauce. Amma fa a Alƙur'ani da hadisi cankenka na koyon lugga ne kawai, ba a ɗora hukunci ko tafsiri a kansa, wannan sai an koma wa malamai.

In kana jin Larabcin rediyo ko na bidiyo a waya, ka riƙa kama kalma ɗaya tak a zama, ka rubuta yadda kunnenka ya ji, in ƙamus bai kawo ta ba ka canza baƙin da kake zargi daga gungun mataki na ɗaya, sin zuwa sodi, ha zuwa ɗaya ha ɗin, hamza zuwa ain, galibi a gwaji na biyu ko na uku take fitowa. Wadda duk ta ƙi, shafi na musamman a tsakiyar littafi, ka rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki da inda ka gan ta, don malam ba zai iya warware maka kalmar da ka kawo ita kaɗai ba wasali ba.